Manhajar da ba a maimaita harafi a cikinta

Sharaɗin da ƙanwata ta gindaya mini bai kai layi biyu ba. In rubuta manhaja da harshen Python wadda za ta fito da lamba mafi girma, amma kada harafi ko alama ko adadi ɗaya ya bayyana sau biyu. Tana karatun kwamfuta a jami'ar ATBU nan Bauchi, daga wajen abokan karatunta ta ɗauko wasan. Asalinsa gasa ce ta gajarta manhaja, wadda masu harshen Perl suka yayata a ƙarshen shekarun 1990, suka kwatanta ta da golf, inda mai ƙarancin bugu shi ke cinyewa. Hana maimaici wani takunkumi ne da aka ɗora a kai.

A takarda na fara, domin ido ya fi saurin kama harafin da aka maimaita idan ana soke shi da biro. Kalmar print kaɗai, wato umarnin nuna abu a allo, ta cinye haruffa biyar, ga baka biyu da ba za a sake samun irinsu ba. Abin da ya fara zuwa mini shi ne print(9876543210), alamomi 17. Daga nan na nemi hanyar ninka lamba da kanta, sai na tarar ƙofa a rufe: Python da taurari biyu yake yin wannan aiki, tauraro ɗaya kuma aka ba ni. Rubutu ma ya haramta gaba ɗaya, tunda alamar zancen wani sai an buɗe an rufe da iri ɗaya.

Nan ne wasan ya fara yi mini daɗi. Python yana karɓar lamba a lissafin goma sha shida idan aka fara ta da 0x, inda haruffan A zuwa F suke tsayawa a madadin 10 zuwa 15, kuma a wajensa A babba da a ƙarama ƙimarsu ɗaya, alhali a wajen sharaɗin haruffa biyu ne daban. Sai na jera print(0xFfEeDdCcBbAa987654321), ya fito da lamba mai gurabe 26. Na daɗe ina kallon layin nan. Shekaru ina ganin irin waɗannan lambobi a wajen zaɓen launi, ban taɓa tsayawa na tambayi me ya sa babba da ƙarami duk suke shiga ba.

Ƙanwar tawa kuwa ta leƙo takardar ta ce, “Yaya, ka manta da e.” Ta karɓi biron ta rubuta print(1.796542e308), wato a yi ta ninka 1.796542 da goma har sau 308. Adadi goman nan duk ta yi amfani da su, kowanne sau ɗaya, ta tsaya dab da iyakar abin da lamba mai ɗigo take iya ɗauka, wato kusan 1.797 da 308 a bayan e. Wanda ya zarce nan, misali ya rubuta 9e876, inf kawai zai gani, wato mara iyaka. Mun ɗan ja a kan ko tata ta halatta, tunda kwamfuta kimantawa take yi da irin wannan lamba, ba ta riƙe ta daidai wa daida. A ganina ta ci, domin sharaɗin bai ce sai cikakkiyar lamba ba, kuma ita ce ta san inda bangon yake.

Zagaye na biyu muka sassauta: haruffa kaɗai aka hana maimaitawa, alamomi da adadi sun kuɓuta. Ta ce in sa allo ya nuna sunan garinmu. Bauchi da i take ƙarewa, print kuma ya riga ya cinye i. Mafita tana cikin teburin ASCII, wanda ya ba kowane harafin Turanci lambarsa, inda ƙaramar i take da lamba 105, wadda a lissafin takwas ta zama 151. Na rubuta print("Bauch\151"), sunan ya fito cif.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne batun sunan ajiya. Duk mai koyon kodin ranar farko ake nuna masa yadda zai ce a=7, ya kira a daga baya. To kiran nan maimaici ne. Wato hana maimaita harafi ya hana manhaja tuna komai, kuma sai a lokacin na lura cewa yawancin abin da muke rubutawa suna ne muke raɗawa domin mu sake ambatonsa. Duk da haka akwai ɓarauniyar hanya. Tun Python 3, wanda ya fito a 2008, harshen yana karɓar haruffan Unicode, tsarin da ya tattara haruffan harsunan duniya, a sunaye, shi ya sa ƙ da ɗ da ɓ namu suke shiga lafiya lau. Kafin ya karanta suna kuma yakan daidaita haruffa masu asali ɗaya, don haka ª da ａ mai faɗi duk a suke komawa. Layin a=7;print(ª*ａ) ya ba mu 49.

Wannan dabara ba kyauta ba ce. A gasar da bayit, wato ma'aunin gurbin da rubutu yake ci a kwamfuta, ake ƙirga tsawo, a ta yau da kullum bayit ɗaya ce a tsarin adana haruffa na UTF-8, ª biyu, mai faɗin kuma uku. Kafin nan bayit kalma ce da nake haddace wa yaran da nake koyarwa a wata cibiyar kwamfuta kusa da kasuwar Wunti, yanzu kuwa sai da na biya kuɗinta ɗaya bayan ɗaya.

Ba zan taɓa rubuta manhajar aiki haka ba, domin wanda zai gaje ta sai ya yi kuka. Amma na kai wa yaran zagayen farko, na ba su takarda da biro kafin su taɓa kwamfuta. Wata yarinya da ba ta cika magana a aji ba ta ɗaga hannu ta ce, “Malam, alamar tarawa ma sau ɗaya ce?” Na ce mata sau ɗaya ce. Ta koma ta soke rabin abin da ta rubuta, ta fara lissafa alamomin da suka rage mata a gefen takarda.