Hawan Kedarnath da Nauyin da Dutse Yake Ɗauka

A ƙauyen Gaurikund mota take tsayawa. Daga nan duk mai niyyar isa haikalin Kedarnath, a jihar Uttarakhand ta arewacin Indiya, sai ya haura kimanin kilomita 16 da ƙafa ko a bayan alfadari. Na zaɓi ƙafa, kuma kafin rana ta take na yi nadama, domin haikalin yana bisa tsayin da ya haura mita 3,500, inda numfashi yake yi wa baƙo wuya.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne wata tsohuwa da na gani zaune cikin kwando, wani ɗan dako ya goya ta, idanunta a rufe tana maimaita sunan Shiba, abin bautar da aka gina haikalin dominsa. A gefenta kuwa samari ne riƙe da wayoyi suna ɗaukar bidiyo, jirage masu saukar ungulu suna ta safa da marwa da masu hannu da shuni. Hanya ɗaya ce, amma kowa da abin da ya kawo shi.

Kedarnath ɗaya ne daga wurare huɗu da mabiya addinin Hindu suke zagayawa a jihar, tare da Yamunotri da Gangotri da Badrinath, kuma a 'yan shekarun nan miliyoyin mutane ne suke zuwa cikin watanni shida kacal. A ganina cunkoson ya fi ƙarfin duwatsun. A watan Yuni na 2013 ruwan sama kamar da bakin ƙwarya ya ɓalle tafkin Chorabari da ke saman garin, ambaliya ta hallaka dubban mutane, ko da yake haikalin ya tsira. A Janairun 2023 kuma gidaje suka tsattsage a Joshimath, kan hanyar Badrinath, saboda ƙasa tana nutsewa. Duk da haka ana ci gaba da sare duwatsu ana faɗaɗa tituna, kuma ba na ganin laifin mai alfadarin da abincinsa na shekara ya dogara da waɗannan watanni.

Da zarar hunturu ya gabato sai a rufe ƙofar haikalin, a sauko da gunkin Shiba zuwa garin Ukhimath, a bar wa dusar ƙanƙara Kedarnath har bazara.