Godiya ga masu sana'ar hannu da suka kafa mana shingen amya a bakin dajin Yankari

Assalamu alaikum. A madadin manoman da gonakinsu ke bakin dajin Yankari a Ƙaramar Hukumar Alkaleri, muna miƙa godiya ga kafintoci da maƙera da masu walda da masu kiwon zuma waɗanda suka rufe rumfunansu suka zo suka kafa mana shingen amya don hana giwaye shiga gonaki, ba su karɓi ko sisi ba. Allah ya saka da alheri, ya sa wa sana'a albarka.

Faɗin Yankari murabba'in kilomita 2,244 ne, kuma babu katanga tsakaninsa da gonaki. Idan masara ta yi goyo ko dawa ta nuna, garken giwaye a dare ɗaya zai iya gamawa da abincin shekara na gida guda. Manomin da aka yi wa haka, da wuya ya tona asirin mafarauci idan ya gan shi. Shi ya sa muke ɗaukar wannan shinge a matsayin kariya ga hatsi, kariya kuma ga giwar kanta. Dabarar daga Kenya ta fito, daga binciken Dakta Lucy King: giwa na tsoron harbin zuma a gefen ido, bayan kunne da cikin hanci.

Kafintoci su ne suka ɗauki kaso mafi nauyi. Gona mai eka ɗaya tana cin amya 12 ta gaske da 12 ta bogi, ana jera su ɗaya bayan ɗaya, mita 10 tsakani. Ta bogin falankin katako ne kawai mai siffar amya, don rage kuɗi. Ta gasken kuwa, akwatin katako mai sanduna jere a samansa, ba ta son ganganci. Kowane sandan da ke saman akwatin faɗinsa milimita 32 ne, domin a kan wannan awo ƙudan zuman ƙasarmu ke jera saƙarsu. In ya ƙaru ko ya ragu, sai su yi saƙar a karkace ta haɗe sanduna biyu, ranar ɗiban zuma a fasa komai. Sun kuma ƙi taɓa ɗanyen katako, ko da yake shi ne mai araha kuma shi ne a kusa. Ɗanye idan ya sha rana sai ya lanƙwashe ya buɗe baki, tururuwa da ruwan sama su samu hanya. Wannan tsayuwa da suka yi ta jinkirta aiki, amma gaskiyarsu ce.

Wajen turakun da ake rataye amyoyin a jikinsu, shawarar iyayenmu dattawa muka bi, aka sa dashi, wanda in an dasa reshensa yake kamawa ya yi saiwa, gara ba ta cinye shi. Inda dashi bai isa ba, an babbake gindin itacen, aka shafa baƙin mai kafin a binne.

Maƙera da masu walda, aikinku ƙarami ne a ido amma shi ne ran shingen. Waya santala ce ke haɗa amya da amya, ba mai ƙaya ba, don in giwa ta ture ta duk amyoyin su yi lilo, zuma ta tashi. Ƙugiyar da kuka lanƙwasa a bakin kowace waya an yi ta ne ta saki idan turin ya yi ƙarfi. Da ɗaure ta aka yi tam, giwa ɗaya za ta jawo amya uku ko huɗu ƙasa, zumar ta watse, a koma farko.

Masu kiwon zuma sun goga kaki a ƙasan sanduna don jawo zuma, sun shafa giris a wayar ratayewa saboda tururuwa, sun ɗaure murafu da waya saboda dage, wanda ke fasa amya da dare. Mata da matasa sun yanko ciyawa aka yi wa kowace amya rufi, domin akwatin da rana ke duka kai tsaye saƙarsa narkewa take yi. Mai girma dagaci da sarkin noma, mun gode da sasanta maganar iyakokin gonaki kafin a haƙa rami ko ɗaya.

Sauran aiki yanzu na masu gonaki ne. Amyar da ba zuma a ciki ba ta daɗewa tana ruɗin giwa, don haka kowa ya riƙa duba nasa duk mako. Da rani a ajiye ruwa a kasko kusa da shinge, a zuba tsakuwa a ciki don kada ƙudajen su nutse, in ba haka ba za su yi ƙaura. A yanke ciyawar ƙarƙashin amya kafin lokacin gobarar daji. Mai feshin maganin ƙwari, don Allah ya bari sai yamma lis, bayan zuma ta koma gida, kuma kada ya fesa daf da shinge. Wanda ya ga waya ta saki ko turke ya karkata ya gyara a ranar, ko ya sanar da sarkin noma kafin magariba.