Yadda na yi wa faifan kwamfutar shagonmu tagwai a Garwa ta Kamaru

Wata Talata da hantsi, cikin zafin Maris, ina tsaka da shigar da rasit ɗin masarar da muka loda zuwa Ngaundare, sai kwamfutar ofis ta sandare. Linzami ya ƙi motsi. Na kara kunnena jikin akwatin, na ji wani ƙas-ƙas-ƙas a hankali daga ciki, ya tsaya, ya sake. Bayan kamar minti ɗaya ta farfaɗo ta ci gaba da aiki. Ban gaya wa kowa ba a ranar, amma da daddare barci ya ƙaurace mini.

Shagon na kawuna ne, yayan mahaifiyata, harkar hatsi da gyaɗa da albasa muke yi. Kwamfutar guda ce tal, Dell ta hannu da aka kawo daga Duwala, da Windows 10 na Faransanci da faifai mai giga 500, wanda mu a nan muke ce wa diskidur. A cikinta akwai manhajar lissafin da wani ma'aikaci ya girka mana a 2018, shekarar da aka koma sabon tsarin SYSCOHADA, wato dokokin rubuta lissafin kasuwanci da ƙasarmu ke bi. Mutumin ya bar gari tun tuni, lambarsa ba ta shiga, kuma bai bar mana komai da za mu sake girka manhajar da shi ba. Duk Asabar nakan kwashe fayilolinmu a filas, kuma da wannan nake kwantar da hankalina. A daren nan ne na yi lissafin da ban taɓa yi ba: in faifan ya mutu gobe, fayilolin suna hannuna, amma da me zan buɗe su? Ga lokacin miƙa bayanan harajin shekara ya ƙarato. Bashin da ke kan dillalanmu na garuruwan Gidar da Pitowa duk yana cikin manhajar nan.

Washegari na sauko da CrystalDiskInfo, ƙaramar manhaja ce kyauta da ke karanta rahoton lafiyar da faifai ke rubutawa game da kansa. Maimakon shuɗi sai ta nuna mini ruwan ɗorawa, an rubuta Prudence, wato a yi hattara. Wasu gurabe a fuskar faifan sun lalace har ya fara kauce musu. Na kira Kawu na nuna masa.

"Kawu, wannan abin ya fara ciwo, kuma ba ya warkewa. Ina so ka ba ni izini in yi masa tagwai tun yana numfashi."

Ya daɗe yana kallon allon, sannan ya ce, "Ɗana, littafin bashi zai taɓu?"

Na ce ba zai taɓu ba, karanta shi kawai za a yi. Ya ce in je in yi, amma ranar Lahadi, lokacin da babu ciniki.

Abin da nake nufi da tagwai ya bambanta da kwafar fayil. Faifan da Windows ke tashi daga kansa ba ɗaki ɗaya ba ne. Bayan babban ɗakin da muke gani da sunan C, akwai wani ɗan ƙarami mai kimanin mega 100 da injin ke fara leƙawa in an kunna shi, akwai kuma na gyara, dukansu a ɓoye. In ka ja fayiloli ka zuba a wani faifan, waɗannan ba sa biyo ka, kwamfuta kuma ba za ta tashi ba. Tagwai shi ne a ɗauke gidan gaba ɗaya da ɗakunansa da ƙofofinsa da makullansa, har sabon ya iya shiga gurbin tsohon ba tare da injin ya tsargu ba.

Manhajar Clonezilla na zaɓa don wannan aiki. Kyauta ce, daga wata cibiyar bincike ta Taiwan ta fito, kuma ba a cikin Windows take aiki ba: ana ɗora ta a filas, a tayar da kwamfutar daga filas ɗin, Windows na kwance bai san abin da ake ciki ba. Wannan ya kwanta mini, domin faifan da ake kwafa ba ya canzawa a tsakiyar aiki. Da wata ƙaramar manhaja mai suna Rufus na ɗora ta a filas ɗin. Fuskar Clonezilla ba kyau, shuɗin allo ne da rubutu zalla, amma tana jin Faransanci, kuma wuraren da aka yi amfani da su kaɗai take kwafa, ba ta ɓata lokaci kan fili.

Kuskurena na farko a kasuwa na yi shi. Na sayo SSD, sabon samfurin faifai mai sauri wanda ba abin da ke juyawa a cikinsa, mai giga 480, ina ganin kayanmu duka ba su wuce giga 170 ba. Ranar Lahadi na haɗa komai, Clonezilla ta ce faifan da za a zuba ya yi ƙanƙanta. Ita girman gidan take aunawa, ba yawan kayan da ke ciki ba. Akwai hanyar matse ɗakin C ya ragu kafin a kwafa, na kuma san ta, amma matsewa na nufin a sa faifan da ke ciwo ya yi ta kai da kawowa da kaya. Ban yarda in yi wa marar lafiya haka ba. Na haƙura, Litinin na mayar na cika kuɗi na karɓo mai 512. Mako guda ya tafi a banza, ƙas-ƙas ɗin kuma yana ƙaruwa.

Lahadi ta biyu, kafin in kashe Windows na danne Shift sannan na latsa kashewa, don ya mutu murus. Windows 10 yana da wata ɗabi'a ta yin rabin barci don ya yi saurin tashi, faifan da aka bari a wannan hali kuwa Clonezilla na iya ƙin taɓa shi. Na kunna ina bugun F12, na zaɓi filas. Sabon faifan yana cikin ɗan akwatin USB, na soka shi a ramin gaba. Ramin mai baƙin launi ne, tsohon yayi, wanda da ƙyar yake wuce mega 30 a daƙiƙa, don haka aikin ya nuna zai ci sama da awa ɗaya da rabi. Na zauna da shayi ina kallon layin yana rarrafe.

Ya wuce rabi kaɗan aka ɗauke wuta.

Duk ɗan Garwa ya san bazara. Wutarmu daga madatsar Lagdo da ke kan Binuwai take zuwa, in ruwa ya ja baya sai a shiga rabo unguwa-unguwa, a daidai lokacin da zafi ke haura digiri 40. Ni na san haka sarai, amma na dogara da ondila, batirin nan da ke riƙe kwamfuta in wuta ta tafi. Namu ya tsufa. Ya yi ta kuka minti goma ya yi shiru. Na zauna cikin ɗakin da fankar ta tsaya, gumi na bin bayana, gabana na faɗuwa. Da wuta ta dawo bayan la'asar na cire filas na kunna, Windows ya tashi lafiya. Tsohon faifan bai ji komai ba tunda karanta shi kawai ake yi. Sabon ne ya zama rabin gini, dole a rushe a sake.

A karo na uku ban bar komai ga sa'a ba. Na aro batirin sola da inbata daga maƙwabcinmu mai cajin waya. Na kwance akwatin kwamfutar, na busa ƙurar hunturun shekaru da ta yi wa fankar ciki dabaibayi, na zare wayar SATA, wadda ke haɗa faifai da injin, daga na'urar DVD na soka wa sabon faifan kai tsaye.

A nan ne na kusa yin ɓarnar da ba ta gyaruwa, kuma saboda wannan wurin nake rubuta duk labarin. Clonezilla ba ta san C ko D ba. Sunayen da take ba faifai su ne sda da sdb, gwargwadon yadda injin ya gan su a jere. A makon da ya wuce tsohon ne sda, sabon sdb, hannuna kuma ya riga ya haddace: na farko uwa, na biyu wurin zubawa. Yanzu da na canza waya, jerin ya juye. Na zaɓi sda a matsayin uwa, na zaɓi sdb a matsayin wanda za a shafe, gargaɗi ya fito da manyan baƙaƙe, na ɗora yatsa kan y, harafin da ke nufin e. Abin da ya tsayar da ni wata 'yar takarda ce da na manna a gefen allo, inda na rubuta sunan kowane faifai da girmansa da lambobi huɗu na ƙarshen siriyal ɗinsa. Na dubi takardar, na dubi allon. Wanda za a shafe ɗin 500 ne. Da na danna, da na ba da izinin a ɗora rabin ginin nan marar amfani kan lissafin shagon Kawu na shekara da shekaru. Na janye hannuna na ɗora a cinya, na daɗe ban motsa ba. Clonezilla sau biyu take tambaya kafin ta fara, amma mutumin da ya tabbata a ransa yana daidai sau biyun zai ce e. Tun daga ranar ba na kallon sda da sdb ko kaɗan, siriyal nake karantawa da ƙarfi, harafi-harafi, ko da ni kaɗai ne a ɗakin.

Na koma baya na gyara. Na kuma shiga ɓangaren ƙwararru na kunna zaɓin rescue, wanda ke sa ta tsallake gurbin da ya ƙi karantuwa ta ci gaba maimakon ta tsaya cak. Sau uku na ji faifan ya yi ƙas-ƙas, layin ya tsaya, sannan ya motsa. Ƙasa da awa ɗaya aka gama.

Ban kunna da faifan biyu a ciki ba. Tagwaye shaidarsu ɗaya ce, in Windows ya gan su tare sai ya kwantar da ɗaya, wani lokacin ma ka kasa sanin daga wanne aka tashi. Na cire tsohon na ajiye a kan tebur, na bar sabon shi kaɗai, na yi bismilla na kunna. Windows ya fito cikin daƙiƙu kaɗan, da hoton allonmu da komai, lasisinsa bai motsa ba tunda injin bai canza ba. Na buɗe manhajar lissafi, na nemo asusun wani dillali, na buga rasit ɗinsa a firinta, na gwada da na takarda da ke cikin fayil. Sefa ɗaya bai ɓace ba. Na sa Windows ya binciki faifan, ya gyara abin da ya samu. Hotuna biyu na wata tsohuwar takardar kaya ne kawai suka ƙi buɗewa, su ne suka faɗa kan gurabun da suka lalace.

Da safe na nuna wa Kawu, ya yi hamdala. Sai na ce masa akwai sauran sayayya.

"Ba mun sayi sabo ba, ɗana?"

"Mun saya, Kawu, amma shi ne yanzu yake aiki. Wancan na kan tebur gawa ce da ba ta gama sanyi ba. In wannan ya faɗi, ba mu da na biyu."

Ya yi shiru, ya buɗe aljihun tebur. Na sayo wani SSD mai 512 da kuma babban faifan waje mai tera ɗaya. SSD ɗin shi ne tagwai na ko-ta-kwana, wanda za a soka a ci gaba da ciniki cikin minti goma. A babban kuma nake ajiye dunƙulallen hoton faifan, wato kwafinsa gaba ɗaya a dunƙule wuri guda, kowanne da kwanan watansa, guda uku a jere. Dalili shi ne tagwai hoton rana ɗaya ne. In ƙwayar cuta ta shiga ban sani ba na yi tagwai, ita ma na kwafe ta, sai hoton watan da ya gabata ne zai cece ni. Filas ɗin Asabar ma ban daina ba, shi ke cike tazarar da ke tsakanin tagwai da yau. Wajen sa wa hoton suna, mai allon rubutun Faransa ya zaɓi tsarin allonsa a cikin Clonezilla tun farko, in ba haka ba ya danna A ta fito Q.

Wani aboki da ke aiki a babban ofis ya ji labari ya ce in yi wa tasa kwamfutar. Na ce sai shugabansa ya yarda, domin tagwai yana ɗauke da sirrin ofis duka, har kalmomin shiga da aka adana. Da muka duba ma faifansa a kulle yake da BitLocker, tsarin kulle faifai na Windows, kuma bai san inda makullin ceto mai lambobi 48 yake ba. Na ce ya nemo shi tukuna. Wani abin da tagwai bai warware mana ba shi ne tsufan Windows 10 kansa, wanda Microsoft ta tsayar da 14 ga Oktoba 2025 a matsayin ranar daina kula da shi. Wannan magana ce da ni da Kawu muke kai har yanzu, amma ko ranar da za mu taɓa shi, sai na yi sabon tagwai da safe.

Lahadin farko ta kowane wata nakan je gidan Kawu in karɓo gwangwanin da faifan biyu ke ciki, naɗe da tsumma, don ba na barin su a shago inda gobara ko ɓarawo zai haɗa su da uwar. In na gama kwafa, sai in cire na aiki, in soka tagwan, in tayar da injin daga kansa, in buga rasit ɗaya. Sannan in yage tsohon salatif ɗin da ke bayansa in manna sabo, in rubuta kwanan wata da biro, in mayar wa Inna ta sa a ƙasan akwatinta.