Ƙaramar kyamarar Kawu da waƙoƙin daɓen Iya

Kyamarar ta Kawu ce. Ya sayo ta a Jidda wata shekara da ya je aikin Hajji, ya ɗan yi yayinta, da wayoyi masu hoto suka shigo sai ya jefa ta cikin akwatin ƙarfe tare da takardun gona. Casio ce, samfurin Exilim EX-M2 da ya fito a 2002. Faɗinta kusan na katin ATM ne, kaurinta kuwa santimita ɗaya da ɗan ɗoriya. Tana ɗaukar hoto mai megafiksel 2, tana naɗar murya, tana kuma kunna waƙoƙin MP3 ta wani ɗan rimot da ake maƙala wa abin saurare na kunne. A wancan zamanin kamfanoni sun yi ta rige-rigen cusa komai a na'ura ɗaya: Fujifilm ta fito da FinePix 40i a 2000, Kodak ta biyo da mc3 a 2001. Waya ce ta binne su gaba ɗaya, ita kanta Casio ta daina yin irin waɗannan ƙananan kyamarori a 2018.

Za a ce me ya kai ni ga tsohuwar kyamara alhali ga waya a aljihu. Iya ce, kakarmu ta wajen uba. Da ta ga an ɗaga waya sai ta ja gyale ta tsuke baki. "Maigida, ajiye wannan abar. So kuke ku sa ni a duniya." Tana da hujjarta, don an taɓa nuna mata wata tsohuwar maƙwabtan ƙauye da jikokinta suka sa a TikTok ana ta dariya. Ita kuwa kyamara, na juya ta gaba da baya a gabanta, na nuna mata ba ta da layi, ba a kira da ita, ba ta aika komai ko'ina. Ta karɓa ta auna a tafin hannu, ta ce to wannan mai kunya ce. Shi ke nan ta yarda.

Tayar da ita bai ba ni wuya sosai ba. Batirin, NP-20, ya kumbura, na samo wani a Kano. Wajen katin memori ne aka ɗan sha fama. Duk wanda na sa sai ta ƙi, har wani dattijo mai gyaran kyamara ya ce ba lalacewa ta yi ba, girme wa katunan ta yi. Katunan 4GB zuwa sama, waɗanda ake kira SDHC, sai a 2006 suka fito, tsarin ajiyarsu daban ne, ita kuwa tsohon SD kaɗai ta sani. Ya laluba cikin wani gwangwani ya ciro mini mai 256MB. Na raina shi a ranar. Ƙanƙantar nan tasa ita ce daga baya ta ƙarasa ni.

Abin da nake nema wurin Iya waƙoƙin daɓe ne. A ƙauyenmu nan ƙasar Ringim siminti ya cinye daɓe, yaran yanzu ko madaɓi ba su sani ba. Da can idan za a kai amarya, mata ne za su taru a ɗakin, a baza tsakuwa da jar ƙasa, a riƙa yayyafa ruwan makuba, wato jiƙon ɓawon ɗorawa, ana duka a durƙushe har ƙasa ta yi sulɓi ta ɗauki baƙin ƙyalli. Dukan da waƙa yake tafiya: ɗaya na bayarwa, saura na amshi, madaɓai na sauka tare. A ciki ake yi wa kishiya habaici, a zolayi dangin ango, a faɗi abin da ba a iya faɗa a tsakar gida. Iya ta sha cewa ta manta. Ba mantawa ta yi ba, mai amshi ce babu.

Sai ga bikin wata ƙanwarmu, aminiyar Iya ta ƙuruciya ta zo daga wajen Nguru, inda take zaune gun ɗanta. Bayan la'asar, mutane sun ragu, na same su a ɗaki suna ɓare gyaɗa. Na kife ƙwarya, na ninke ɗankwali a kai, na ɗora kyamarar, na danna, na koma bakin ƙofa. Da fari gardama suka yi kan wace ce ta fi iya duka a zamaninsu. Can sai aminiyar ta ɗauki murfin kwano ta fara buga shi a ƙasa, tim, tim, Iya ta gyara zama ta ɗauko waƙa da wata siririyar murya da ban taɓa sanin tana da ita ba. Suka yi ɗaya, suka yi biyu, suka shiga wata da ta sa aminiyar dariya har tari ya sarƙe ta, Iya na bubbuga mata baya ba ta fasa waƙar ba. Ba su tsaya ba sai da aka kira magariba. Da daddare na sa a kunne na saurara, komai ya fito tas, har ƙarar ɓawon gyaɗa.

Babu kwamfuta a gidanmu. Niyyata in na shiga Ringim in kwafe a ta wani abokina malamin makaranta. Kafin nan ƙanena ya gano kyamarar na kunna waƙa. Ranar kasuwa ya zare katin ya kai wa mai tura waƙoƙi. Shi kuma, ko buɗe abin da ke ciki bai yi ba, ya ce katin na da bairos, sai an yi fomat. Ya goge shi tas, ya ɗura masa waƙoƙi har wuya, ya karɓi kuɗinsa.

"Yaya, wallahi ban san da abu a ciki ba. Shi ne ya ce akwai bairos."

Ƙanena yaro ne, na yi masa faɗa na gama. Mai turin ne na kasa haɗiyewa, domin babu abin da ya tilasta masa gogewa. Muryar da kyamarar ke naɗa ba ta cin wuri sosai, rabin katin ma a buɗe yake, da ya zuba waƙoƙinsa a gefe sun zauna lafiya. Wane bairos ne zai shiga katin da bai taɓa ganin kwamfuta ba sai tasa? Sabo ne kawai, duk katin da aka miƙa masa sai ya fara da sharewa.

Da na kai katin kasuwar waya ta Farm Centre a Kano, wani matashi mai haƙuri ya yi mini bayanin da ya ƙara mini takaici. Fomat na gaggawa ba ya share muryar kanta. Jerin sunayen fayiloli kawai yake gogewa, ainihin abin yana nan kwance, kuma manhajoji irin su Recuva ko PhotoRec kan tono shi, muddin ba a rubuta sabon abu a kansa ba. To ga lissafin: waƙar MP3 ta yau da kullum tana cin kusan 1MB a minti ɗaya, ka ga waƙa hamsin da 'yan kai sun cika kati mai 256MB. Da babban kati ne, da watakila waƙoƙin sun zauna a wani sashe sun bar saura. A wannan ɗan mitsitsin kusan babu lungun da ba su taka ba. Abin da aka tono hotuna ne ƙalilan, wasu rabinsu toka-toka, sai guntun murya inda ake jin Iya na cewa a kori akuya. Fomat ɗin rauni ya yi, waƙoƙin da aka ɗura ne suka yi kisan.

Wani abin haushin, kyamarar na da 'yar ma'ajiyarta ta ciki, kimanin 12MB, wadda take amfani da ita idan babu kati. Da na zare katin sai ga hotunan Kawu da abokan tafiyarsa a Mina, sun haura shekara ashirin suna zaune babu abin da ya taɓa su, saboda ba su taɓa zuwa kasuwa ba.

Na koma wa Iya. Ta yi ƙoƙari, Allah ya saka mata. Ta fara, ta kai inda amshi zai shigo, sai ta yi shiru tana jiran muryar da ba ta nan. Na gwada amsawa, ta dube ni ta ce, "Kai maigida, namiji da amshin daɓe? Tashi ka ba ni wuri." Aminiyar kuwa tun da ta koma ƙafa ta matsa mata, ɗanta ya ce ba doguwar tafiya yanzu. An gwada haɗa su ta waya, Iya ta ƙi ko karɓa.

Duk wanda ya samu irin wannan na'ura mai haɗa hoto, waƙa da murya, ya sani a kati ɗaya suke kwana, batir ɗaya suke sha, kuma waƙar ce mai cin rabon saura. Waƙar kasuwa ko yaushe ana sake samunta. Don haka katin naɗar murya daban, na waƙa daban, in ma dole sai an ji waƙar. Ni na daina, kuma na saya wa ƙanena 'yar rediyo mai cin memori don a zauna lafiya. Da an gama naɗi a zare katin, a tura ɗan makullin da ke gefensa ƙasa. Amma kada a dogara da shi ɗari bisa ɗari: makullin ba ya kulle komai a cikin katin, alama ce kawai da na'urar karanta kati ke dubawa, kuma wasu masu arha ba sa kula ta. Abin da ya fi shi ne ɗan abin karanta katin nan da ake soka wa waya ta wajen caji. Kuɗinsa bai taka kara ya karya ba, da shi nake kwafe komai a daren da na naɗa, in tura wa abokina ta WhatsApp a matsayin fayil, ya zama yana wuri uku. In kuma tsautsayi ya faɗa an goge, kada a ɗauki ko hoto ɗaya a kai, a naɗe katin a takarda a nufi birni. Da mai turin ya tsaya a gogewa kaɗai, da yanzu wani labarin nake bayarwa.

Sauran abubuwan ƙanana ne. Makirfon ɗinta na kwashe iska da motsin yatsa, shi ya sa ba na riƙe ta a hannu, kuma lokacin hunturu a ɗaki nake naɗi, ba a tsakar gida ba. Agogonta kan rikice idan batir ya daɗe a cire, don haka da bakina nake fara faɗin rana da wata da wanda zai yi magana. Idonta ba ya zuƙowa kuma ba ya son kusanci, in ba ka ja baya kamar taku biyu ba fuska dishi-dishi take fitowa. Ba ta caji sai an zaunar da ita kan 'yar kujerarta, kuma ba na son barin ta a rumfar caji, sai in cire batirin in kai shi kaɗai a sa a cajar nan mai ƙafafu biyu. Da bazara kada a bar shi a ɗakin kwano, zafin Afrilu kumbura shi yake yi.

Akwai abu ɗaya da take yi wanda nake jin daɗinsa ƙwarai: kana ɗaukar hoto ka liƙa masa murya ta daƙiƙa talatin. Da shi na bi kayan ɗakin Iya ɗaya bayan ɗaya, tasoshi, taskira, mazari, da wani tsohon madaɓi da aka tsinto a rumbu, tana faɗin sunan kowanne da wanda ya ba ta. Labari kuwa ba ya buƙatar amshi, don haka yanzu ina da muryarta tana ba da labarin farin 1973, shekarar da aka canja kuɗi daga fam zuwa naira, da yadda jirgin ƙasan Kano zuwa Nguru ke tsayawa a Ringim ana loda buhunan gyaɗa. Suna da daraja, ban raina ba. Amma ba su na fita nema ba.

Kasuwar da ta wuce na bi ta gaban rumfar mai turin, na ji yana gaya wa wata yarinya memorinta na da bairos. Na tsaya na ce mata, "'Yan mata, ce masa ya fara kwafe miki hotunanki tukuna." Ya harare ni, ya ja tsaki, ya kwafe.