Dare ɗaya a Sutherland, inda ake gadin taurari

Ƙanena da ke karatu a Cape Town ne ya matsa sai mun je Sutherland. "Yaya, in ka koma gida ba ka ga saman dajin Karoo da dare ba, ai ba ka zo ƙasar nan ba," in ji shi. Watan Mayu ne, hunturunsu ya fara kamawa. Muka ɗauki hanyar N1 da sassafe, muka ratsa ramin Huguenot ta cikin dutse, muka wuce gonakin inabi na Worcester, daga nan kore ya ƙare. A Matjiesfontein muka karya hagu muka nufi arewa, wajen kilomita 110 ba gari ba ƙauye, sai tumaki da duwatsu da guntayen tsirrai.

Cibiyar binciken taurarin tana kan tudu gabas da gari, kusan mita 1,800 sama da teku. Tun daga nesa ake hango fararen ƙubbobi a jere, babbar cikinsu ita ce SALT, wato babbar na'urar hangen taurari ta kudancin Afirka, wadda shugaba Thabo Mbeki ya buɗe a 2005. Da muka shiga na ɗaga kai, sai na yi shiru. Madubinta ba guda ba ne: ƙananan madubai 91 ne masu kusurwa shida-shida, an jera su kamar saƙar zuma, faɗinsu duka kusan mita 11. Na tambayi mai yi mana jagora inda ake sa ido a leƙa. Ta ce babu. Madubin tattara haske kawai yake yi, ya miƙa wa wata na'ura da ke warware shi kamar bakan gizo, masana kuma su karanta a kwamfuta.

Wannan bakan gizon shi ne aikin. Idan wata na'ura a wani sashen duniya ta hango sabon ɗigon haske inda jiya babu, ana iya ture aikin da ke kan layi a juya SALT can, domin tauraron da ya fashe ba ya jiran kowa, cikin makonni haskensa zai fara dushewa. In an ga alamar haidirojin a cikin hasken, to ƙaton tauraro ne makamashinsa ya ƙare, cikinsa ya rufta. In babu haidirojin amma ga silikon, wani ɗan tsohon tauraro ne mai nauyin gaske da ya kwashi kaya har ya fi ƙarfinsa ya tarwatse. Abin ya burge ni matuƙa, a ce daga zaren haske ɗaya a gane irin mutuwar da tauraro ya yi.

Da dare muka koma wajen ƙananan madubin hangen nesa da aka ware wa baƙi. An hana kunna fitila mai farin haske, sai 'yar tocila ja. Sanyi har ƙashi, yatsuna suka ƙi lanƙwasuwa a cikin safar hannu. Amma sama! Can kudu akwai wani abu kamar guntun gajimare da ya ƙi motsi. Babban Gajimaren Majelan ke nan, dandazon taurari ne maƙwabcin namu, wanda daga Kano da ƙyar yake leƙo bakin sama. A cikinsa aka ga fashewar tauraro ranar 24 ga Fabrairu 1987, har ido tsirara ya gan ta, irin wadda ba a yi ba tun 1604. Masanan wannan tudun sun bi ta dare bayan dare suna auna yadda take dushewa. Hasken ya yi kimanin shekara 168,000 a hanya kafin ya iso. Na daɗe ina kallon wurin, ko da yake yanzu ba abin da ido ke gani.

Sai aka juya madubin zuwa wani dandazon taurari mai suna Centaurus A. Na sa ido na ga ɗan dunƙulen hazo, da baƙin zane ya raba shi biyu. Zanen ƙura ce. A bayanta akwai baƙin rami, wato wurin da ko haske ba ya iya kuɓuta daga jansa, mai nauyin rana kusan miliyan 55, yana haɗiye iskar da ke kewaye da shi, yana kuma feso wani ɓangare waje da gudu mai ban tsoro. Irin waɗannan ake kira dandazon taurari masu aiki, kuma wannan yana cikin mafi kusa da mu, tafiyar haske ta shekara kusan miliyan 12. A cikinsa ma wani limamin coci ɗan Ostireliya, Robert Evans, ya gano fashewar tauraro a 1986, da idonsa da madubinsa.

Ba nisa da nan jagorar ta nuna mana wani fili a sama da ba komai. A wajen ne wani tauraron da ya fashe ya bayyana a shekarar 1006, wanda likitan Masar Ali bin Ridwan ya rubuta cewa ya ninka Zara girma sau biyu da rabi zuwa uku, har ya haskaka sama.

"Yaya, mu tafi, za ka kamu da mura," in ji ƙanena. Na ce ya ƙara mini minti biyar, na koma layi don in sake ganin baƙin zanen nan.