Lasifika mai ƙaho a ɗakin zama

Da zarar na ce wa mutum a nan Sakkwato ina haɗa lasifika mai ƙaho don sauraro a gida, abin da ke faɗo masa a rai shi ne ta kan hasumiyar masallacin unguwa, ta ƙarfe, mai tsinin murya. Ban ga laifinsa ba. Sai dai waccan an ƙera ta ne don kiran salla ya kai nesa, ba don kaurin sauti ba, kuma ƙanƙantar bakinta ce ta sa muryarta haka.

Aikin ƙaho shi ne ya sa iska ta tsaya a tura ta. Faifan lasifika yana da nauyi, iska kuwa shafal take, yana turawa tana zillewa. Shi ya sa lasifikar da muka saba da ita da ƙyar take mai da kashi 1 cikin 100 na wutar da aka ba ta sauti, saura ya tafi a zafi. Ƙaho yana matse iskar a ƙuntataccen maƙogwaro, sannan ya riƙa buɗewa sannu a hankali har baki. Lasifikar kanti takan ba da wajen desibel 88 (ma'aunin ƙarfin sauti) da wat ɗaya na wuta, mai ƙaho tana wuce 103. Duk ƙarin desibel 3 ninkin wuta yake ci, ke nan wat ɗaya a ƙaho yana yin aikin wat 32. Ga mai gida irina da ke lallaɓa sola da batir a zafin Afrilu, fanka na ci firiji na ci, wannan ba ƙaramar magana ba ce. Da ɗan ƙaramin amfilifaya, wato na'urar ƙara ƙarfin sauti, falona yake cika.

Lissafin ƙaho tsoho ne, tun 1919 Arthur Webster ya rubuta shi a Amurka. A ƙahon da aka fi sani, girman filin hanyar iska yana ninkawa a kowace tsayayyiyar tazara. In kana son ya sauka zuwa Hz 100 (Hz ma'aunin kaurin sauti ne, ƙaramar lamba ita ce sauti mai kauri), zai ninka duk bayan kusan santimita 19. Amma inda ake yin ta shi ne baki: kewayensa ya kamata ya kai tsawon zango, wato tsawon igiya ɗaya, na sauti mafi kauri da kake nema. Zangon Hz 50 ya kusa mita 7, bakin zai haura mita 2 a faɗi. Wace uwargida ce za ta yarda da wannan a falo? Paul Klipsch, wanda ya kafa kamfaninsa a garin Hope na jihar Arkansas, ya samo mafita: ya naɗe ƙahon cikin akwati, ya jingina shi a kusurwar ɗaki, bango biyu da daɓe suka zama cikon bakin. Tun 1946 ake yin Klipschorn ɗinsa har gobe. Kusurwa tana rage girman bakin da ake bukata zuwa kashi ɗaya cikin takwas, kuma bangonmu na bulo da siminti ya dace da ita, don ba ya rawa.

Duk da haka, shawarata ga mai farawa ita ce ya bar ƙahon bes, wato na sauti mai kauri, tukuna. Ya sa faifan inci 15 a akwati, ya yi wa murya da abin da ke samanta ƙaho zagayayye, irin lanƙwasar da Paul Voigt ya fito da ita a Ingila a shekarun 1920. Kuma kada a yi rowar baki. Ƙahon da aka lissafa a Hz 400, a fara ba shi aiki daga wajen 800. Wanda ya tilasta shi ya sauka har iyakarsa zai ji muryar mawaƙi ta koma ta hanci, daga nan ƙaho ya samo baƙin suna.

Nawa da filawud na yi. Aka yanka shi zobe-zobe, kowane ya ɗara na bayansa, aka manne da gam, sannan aka bi cikin da sanfefa har yatsa ya daina jin tudu. Kafintana na Mabera ya ɗaga shi ya leƙa ta maƙogwaron ya ce, "Malam, wanga turmi ne ko mazurari?" Washegari shi da kansa ya kawo shawarar a ƙara shafa masa fenti ta ciki, kuma ya yi gaskiya. Katako ɗanye kuwa kada a soma, hunturu ɗaya zai tsage shi. Ƙurar hunturun ma abin tsoro ce, don tana shiga ta maƙogwaro ta maƙale a ɗan tsagin da naɗin wayar lasifika ke motsi, sai a sa siririn ƙyalle a wurin kuma a rufe bakin in ba a sauraro.

Ƙaho ba ya rufa wa amfilifaya asiri. Ɗan zuzun da wata lasifika za ta haɗiye, shi fito da shi zai yi fili, musamman in inbata ce ke ba da wuta. Kafin ka saya, a haɗa maka shi da ƙahon ba tare da an kunna komai ba, ka kai kunnenka bakin ka saurara.