Kwana huɗu a Dutsen Shere da 'yan matana

Jiya da daddare muka shigo Kano, har yanzu cinyoyina ba su yafe min ba, sallar asuba ma a zaune na yi ta. Amma bari in rubuta tun abin yana da ɗumi.

Ɗalibai mata talatin muka ɗauka, ni da wata malama sai direba, muka nufi Jos sansanin horo na Dutsen Shere, inda 'yan Man O' War, ƙungiyar horar da matasa, suke da makarantar hawan dutse. Gaskiya shawo kan iyaye ya fi tafiyar wuya. Wani uba da na je har gida roƙonsa cewa ya yi "Malama, ita mace me ya haɗa ta da hawan dutse, akuya ce?" Da ƙyar da taimakon uwar ya sa hannu.

Hanya dai Kwanar Ɗangora, Tudun Wada, da muka shiga dajin Falgore duk masu waƙa suka yi tsit sai salati. Bayan Saminaka ne wani jami'i a shinge ya ɓata min rai. Ya leƙo ya ga yara cike da mota, ko sallama babu sai "ke, ina za ki kai 'ya'yan mutane?" Na miƙa takardar makaranta ya ƙi karɓa, wai a sauke kaya, har buhun garin kwakinmu sai da ya zura wa hannu. Ni ban ga laifin tambaya ba, ana satar yara a ƙasar nan, amma ai akwai yadda ake yi wa babba magana a gaban ɗalibanta. Kusan awa guda muka yi a rana sai da shugabar makaranta ta yi magana da shi a waya.

Sanyi kuwa, mu da muke kukan hunturun Kano ashe wasa muke. Garin Jos kansa yana sama da mita 1,200, ƙololuwar Shere kuma ta kai mita 1,829, to ku lissafa. Ruwan alwala kamar daga firji, yarinyar da ta taho da jaka guda ta kayan kwalliya ba ta kawo ko suwaita ba, bargona muka raba da ita.

Abin da ya fara ba ni mamaki, cikin masu horaswar akwai mace, gajeruwa, ba ta kai ni shekaru ba, amma in ta busa usur ko ni sai na miƙe. Ranar farko ta raba su gida biyar ta tarwatsa duk ƙawaye, aka yi ta kumburi. Ta koya musu kafa tanti da ƙullin igiya kala-kala, da duba taswira da kamfas, da yadda ake ɗaure karaya da sanda biyu da ɗankwali a ɗauko mutum a kan bargo. Maganar hijabi da iyaye suka dame ni da ita ko matsala ba ta zama ba, dogon wando da riga har gwiwa, a cusa ƙaramin hijabi cikin riga don kada igiya ta kama, shi ke nan.

Sai katanga. Wata katanga ce shafaffiya ta fi tsawon mutum biyu, ba tsani ba igiya, kuma dole duk 'yan rukuni su haye, in mutum ɗaya ya rage kowa ya faɗi. Rukunin da ke da ta ɗaya a aji su suka fi shan kashi, don kowa tana ba da umarni ba mai durƙusawa a taka bayanta. Wata yarinya da ko sau ɗaya ban taɓa jin muryarta a aji ba, hutu a ƙauye take yi wajen kakarta, ita ce ta ce a fara tura masu ƙarfi biyu sama su riƙa jawowa, masu jiki su bi a tsakiya, a bar doguwa marar nauyi ƙarshe don ita za ta iya tsalle a cafe hannunta. Cikin minti kaɗan suka haye. Ita ce dai da yamma ta hura wuta da ashana ɗaya iska na kaɗawa, ta jera duwatsu uku ta juya wa iskar baya, sauran sun ƙarar da kwali guda suna ta hawaye da hayaƙi. Wallahi kunya ta kama ni, shekara biyu ina koyar da ita abin da na sani game da ita kawai ba ta iya turanci ba.

Ranar hawan dutsen ni ce na zama kaya. Muna tsakiya numfashi ya ƙare, na zauna na ce ku je ku dawo ku same ni. Suka ƙi, wai doka ce ba a barin kowa. Ɗaya ta karɓi jakata, biyu suka riƙe hannuwana suna "Malama saura kaɗan", ƙarya suke, saura da yawa. Daga sama ana hango madatsar ruwan Lamingo da garin gaba ɗaya, duwatsu an ɗora wani kan wani kamar da hannu aka jera.

Da muka sauko wata dattijuwa a gefen gonarta ta kira mu, ta fito da tukunyar gwate na acca da ganye, da zafinsa. Na ciro kuɗi ta ɓata rai, "haba 'yata, ka kawo min yara daga Kano zan karɓi kuɗinka?" Hausar Jos ke nan, mace ma "ka" ake ce mata, yaran suna ta danne dariya ina harararsu. A Kano yaushe rabon da wani ya tsayar da baƙi talatin ya ciyar don kawai sun wuce ta ƙofarsa?

Ranar dawowa muka biya kasuwar Farin Gada. Kabeji da karas da dankalin turawa, in kin ji farashi sai ki ji haushin kasuwar 'Yankaba ta Kano, ban ma taya sosai ba mai kayan ya sallama har da gyara. Sitiroberi ne dai suka tsuga min kuɗi don sun ji Hausar Kano a bakina, kuma kafin Saminaka ya dame a leda.

Mai shingen ba ya nan da muka dawo. Taya ta fashe kusa da Tudun Wada, yara suka sauka suka tare motar da duwatsu tun direba bai ce ba. Baban nan mai maganar akuya shi ya fara zuwa ɗaukar 'yarsa, na ga tana nuna masa kantar da igiya ta yi mata a tafi. Buhun dankalina yana tsakar gida, tun safe maƙwabta suke aiko yara da kwano.